Tambaya a kan ma'aunan matsayi: tsakanin mai maki 66 da mai 85, wa ya fi cancantar kyautar lissafi?

Malamin sakandare, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan cikin garin Sakkwato, kuma a ƙarshen mako ina karatun difloma ta koyarwa, inda a wannan zangon muke ɗaukar darasin ƙididdiga na farko. Mun iso babin ma'aunan matsayi, wato hanyoyin da ake bi a gane inda wani adadi ya tsaya a tsakanin 'yan'uwansa, irin su fasantayil da kwatayil da makin zed, sai ga wata matsala ta taso a makarantarmu wadda ta nuna mini cewa haddace ƙa'idojin kawai na yi, ban kama ma'anarsu ba.

Muna da rukuni biyu a aji biyu na babbar sakandare, kowanne da ɗalibai 40, kuma kowane rukuni da malaminsa na lissafi, wanda ya tsara takardar jarrabawarsa shi kaɗai. Makaranta ta ware kyauta ɗaya tak ga wanda ya fi kowa ƙoƙari a lissafi. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a rukunin farko ta samu maki 66 cikin 100, yaron da ya zo na ɗaya a rukuni na biyu kuma ya samu 85. Yawancin abokan aikina sun ce babu abin tattaunawa, tunda 85 ya fi 66, amma ni zuciyata ba ta natsu ba, domin da na lissafa sai na ga matsakaicin makin rukunin farko 50 ne, na rukuni na biyu kuwa 70. Na kuma fitar da ma'aunin bazuwa, wato ma'aunin yadda maki ya warwatsu daga matsakaici, wanda littafinmu ke taƙaitawa da harufan SD, ya ba ni 8 a rukunin farko da 10 a na biyu. Ina roƙon a bayyana mini yadda zan yi amfani da waɗannan alƙaluma in yi wa yaran nan adalci.

Bayan wannan, har yanzu ina rikita fasantayil da kaso cikin ɗari. Sannan akwai wani aikin gida da aka ba mu a kan lambobi takwas, wato 12, 15, 18, 22, 25, 30, 34, 40, inda na samu kwatayil na farko 16.5 da hannu, amma da na sa su a Excel sai ya ba ni 17.25, kuma na maimaita lissafin sau da yawa ban ga inda na kuskure ba.

Malamar ƙididdiga, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malam. Rashin natsuwar da ka ji yana da dalili, domin maki shi kaɗai ba ya gaya mana komai game da ƙoƙarin ɗalibi sai mun san irin takardar da aka zauna da kuma abin da sauran suka samu. Wannan shi ne aikin makin zed. Za ka ɗauki makin ɗalibi ka cire matsakaicin ajinsa, sannan ka raba abin da ya rage da ma'aunin bazuwa na ajin, amsar da ta fito kuma tana gaya maka taki nawa ɗalibin ya yi sama ko ƙasa da matsakaici, idan aka ɗauki ma'aunin bazuwa a matsayin taki ɗaya.

A wajen yarinyar, 66 a cire 50 ya rage 16, a raba da 8 ya ba da 2.0. A wajen yaron, 85 a cire 70 ya rage 15, a raba da 10 ya ba da 1.5. Ke nan yarinyar ta yi wa matsakaicin ajinta nisa da taki biyu cur, shi kuwa yaron da taki ɗaya da rabi. Ka lura cewa tazarar da kowannensu ya bai wa matsakaici kusan ɗaya ce, 16 da 15, abin da ya raba su shi ne rabawar da aka yi. A ajin yarinyar makin ɗalibai ya fi cunkushewa kusa da 50, saboda haka fita daga cikin taron da maki 16 ya fi wuya a can fiye da fita da maki 15 a ajin da makinsa ya fi warwatsuwa.

Game da fasantayil kuwa, hanya mafi sauƙi ta raba shi da kaso cikin ɗari ita ce ka tambayi kanka abin da ake ƙirgawa. Kaso cikin ɗari yana ƙirga makin da ɗalibi ya ci daga abin da ke kan takarda, fasantayil kuma mutane yake ƙirgawa, wato kashi nawa na waɗanda suka zauna jarrabawar ne suke ƙasa da shi. Idan ɗalibi ya samu maki 200 cikin 400 a jarrabawar JAMB, ya ci kashi 50 cikin ɗari na makin, amma wannan bai nuna cewa rabin waɗanda suka zauna suna ƙasa da shi ba, domin hakan ya dogara ga abin da sauran suka samu a shekarar. A aji mai mutum 40, idan 30 suna ƙasa da kai, kana kan fasantayil na 75, ko da kuwa makinka 48 ne kawai.

Wani abin lura a matsalarka shi ne fasantayil ba zai raba maka gardama ba. Kowanne daga cikin yaran biyu yana da mutum 39 a ƙasansa cikin 40, wato kashi 97.5 cikin ɗari, don haka ta wannan ma'aunin kunnen doki suka yi. Fasantayil jeri kawai yake gani, ba ya ganin faɗin ratar da ke tsakanin na ɗaya da sauran, makin zed kuwa ratar yake aunawa.

Ina so in ja kunnenka a kan teburin da ke bayan littafinku, wanda zai ce maka zed na 2.0 daidai yake da fasantayil na 97.7, na 1.5 kuma na 93.3. Waɗannan alƙaluma suna aiki ne idan makin ya bi siffar nan mai kama da tudu, wadda yawancin mutane ke taruwa a tsakiyarta kuma gefunanta biyu suka daidaita. A irin wannan siffa ne kusan kashi 68 cikin ɗari ke faɗawa tsakanin taki ɗaya sama da ƙasa, kusan kashi 95 kuma tsakanin taki biyu. Mayar da maki zuwa zed ba ya gyara siffar da ta karkace, kuma ɗalibai da yawa suna yin wannan kuskuren. Idan ba ka da tabbacin siffar, abin da kawai za ka iya dogara da shi shi ne ƙa'idar Chebyshev, masanin lissafi na ƙasar Rasha, wadda ta ce ko yaya siffar take, aƙalla kashi 75 cikin ɗari na alƙaluman suna cikin taki biyu daga matsakaici.

Tsohon malamin lissafi, Gawon Nama

Lissafin Malama daidai ne, ban ga abin gyara a cikinsa ba, amma ɗana, kada ka ɗauki wannan 2.0 ka nufi ofishin shugaban makaranta kafin ka amsa wata tambaya, wadda ita ce ginshiƙin maganar duka. Ta yaya aka raba yaran nan zuwa rukuni biyu tun farko?

Na shekara fiye da talatin ina riƙe da alli, kuma a makarantu da dama da na koyar akan zaɓi yaran da suka fi ƙoƙari a ƙaramar sakandare a tara su a rukuni ɗaya, musamman waɗanda za su yi kimiyya. Idan haka aka yi a makarantarku, to matsakaicin 70 na rukuni na biyu yana iya kasancewa shaidar ƙarfin yaran ne, ba sauƙin takarda ba. A wannan hali makin zed zai cuci yaron, domin zai rage masa daraja saboda yana zaune cikin gwanaye, ya kuma ƙara wa yarinyar saboda abokan karatunta masu rauni ne. Hausawa sun ce a garin makafi mai ido ɗaya sarki ne, kuma makin zed ba shi da hanyar sanin ko garin da yake aunawa na makafi ne ko na masu gani. Yana kwatanta mutum da taronsa ne kawai, saboda haka idan za ka kwatanta zed biyu daga taro biyu, dole ne ka riga ka gamsu cewa tarukan biyu ƙarfinsu ɗaya.

Matsakaicin aji yana iya hawa saboda abu uku mabambanta, ko takarda ta yi sauƙi, ko yara sun fi ƙarfi, ko kuma malaminsu ya fi iya koyarwa ko ya fi sakin hannu wajen ba da maki, kuma alƙaluman da ka kawo ba za su iya gaya maka wanne ne daga ciki ba. Abin da zan ba ka shawara shi ne ku ɗauki mutum biyar na sama daga kowane rukuni, ku ba su takarda ɗaya a ɗaki ɗaya, wani malami na uku ya duba. Aikin yini ɗaya ne, kuma babu uban da zai zo ya yi ƙorafi a kansa. Daga zango mai zuwa kuma malaman biyu su riƙa haɗuwa su tsara takarda guda, domin WAEC da NECO da ke jiran yaran nan takarda ɗaya za su ba su.

Tunda maganar matsayi ake yi, bari in ƙara da abin da ya daɗe yana damuna a katin sakamako. Muna rubuta wa yaro cewa ya zo na biyar, iyaye su yi murna ko su yi faɗa, alhali ba kowa ke duba yawan ajin ba. Na biyar cikin 12 mutum 7 ne kawai a ƙasansa, wato kusan kashi 58 cikin ɗari, amma na biyar cikin 120 yana da mutum 115 a ƙasansa, kusan kashi 96. Fasantayil da kuke karantawa, jerin nan ne da muka saba da shi, sai dai an mayar da shi bisa ɗari domin ajin da ya cika da ajin da bai cika ba su yi magana da harshe ɗaya.

Ɗalibin digiri na biyu, Dundaye

Ni zan taɓa maganar kwatayil, domin na sha irin wannan ruɗanin a shekarata ta farko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yayana, ba ka yi kuskure ba, kwamfutar ma ba ta yi ba, hanyoyin ne suka bambanta.

Kwatayil rubu'i ne, wato wuraren nan uku da ke yanka jerin lambobi gida huɗu bayan an jera su daga ƙarami zuwa babba. Na farko shi ne fasantayil na 25, na biyu shi ne lambar tsakiya ko fasantayil na 50, na uku kuma na 75. Matsalar ita ce sau da yawa wurin yankan yana faɗawa tsakanin lambobi biyu, kuma masana ba su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya ta cike wannan giɓin ba. Kai ka raba lambobin gida biyu, ka ɗauki rabin ƙasa, wato 12, 15, 18, 22, ka nemi tsakiyarsa tsakanin 15 da 18, ka samu 16.5. Umarnin QUARTILE.INC na Excel yana ƙirga gurbi ne, ya cire 1 daga yawan lambobin ya rage 7, ya ɗauki rubu'insa 1.75, ya ƙara 1 ya zama gurbi na 2.75, wato ya tashi daga 15 ya ci kashi uku cikin huɗu na hanyar zuwa 18, abin da ya ba da 17.25. Da ka yi amfani da QUARTILE.EXC, wanda ke ƙara 1 a kan yawan lambobin kafin ya ɗauki rubu'i, da gurbi na 2.25 zai nuna maka, amsar kuma 15.75. Haka kwatayil na uku zai fito 32 ko 31 ko 33 gwargwadon hanyar da aka bi. A manhajar ƙididdiga mai suna R ma hanyoyi tara aka tanada na wannan lissafin.

A jarrabawa ka bi hanyar da malaminku ya koyar, ka kuma rubuta matakanka a fili. Bambancin yana fitowa sosai ne saboda lambobinka takwas ne kacal, idan suka kai ɗaruruwa amsoshin sukan matso kusa da juna har bambancin ya daina tasiri.

Amfanin kwatayil da na fi gani shi ne wajen gano lambar da ta fita daban. Idan ka cire na farko daga na uku, 32 a cire 16.5, za ka samu 15.5, wanda shi ne faɗin rabin tsakiya na jerin. John Tukey, masanin ƙididdiga ɗan Amurka wanda ya fito da zanen akwati mai nuna kwatayil, ya ba da ƙa'idar a ninka wannan faɗin sau 1.5, a nan 23.25, a ƙara a kan kwatayil na uku, a kuma cire daga na farko. Duk lambar da ta haura 55.25 a jerinka abar bincike ce, 40 kuwa tana cikin iyaka. Wannan hanyar ta fi zed jure wa lamba mai wuce gona da iri, domin lamba ɗaya babba tana jan matsakaici da ma'aunin bazuwa gaba ɗaya zuwa wajenta, amma da ƙyar take motsa kwatayil.

Ma'aikaciyar lafiya, Bodinga

Ba fannina ba ne koyarwa, amma makin zed kayan aikinmu ne na kullum a ɗakin awon yara, kuma ina ganin misalinmu zai ƙarfafa abin da Baba, tsohon malamin lissafi, ya faɗa. Idan muka auna nauyin yaro da tsawonsa, ba ma kwatanta shi da yaran da suka zo awo a ranar, domin idan unguwa duka tana fama da tamowa, yaron da ya rame zai fito kamar lafiyayye a tsakaninsu. Muna kwatanta shi ne da ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka gina a kan yaran da aka reno cikin kyakkyawan yanayi a ƙasashe shida, wato Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. Yaron da zed ɗinsa na nauyi bisa tsawo ya sauka ƙasa da -2 ya rame, idan ya sauka ƙasa da -3 kuma tamowarsa mai tsanani ce, ana sa shi a shirin magani nan take.

Dalilin da ya sa muka fi amfani da zed a kan fasantayil shi ne a can ƙarshen ƙasa fasantayil yana matsewa. Zed na -2 yana wajen fasantayil na 2.3, na -3 kuma bai kai ko 1 ba, saboda haka yara biyu da halinsu ya sha bamban za su bayyana kusan wuri ɗaya idan fasantayil aka duba, alhali ɗaya yana bukatar magani nan take. Ina kuma tuna wa ɗalibai cewa lamba mai sama ba kullum take nufin alheri ba, domin wanda hawan jininsa ke kan fasantayil na 95 ba abin taya murna ba ne.

Malamin sakandare, Mabera

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na je na duba rajista kamar yadda ka nuna, na kuma tambayi mataimakin shugaban makaranta. An raba yaran ne bisa jerin da suka yi rajista, ba a duba sakamakonsu na baya ba, kuma a Turanci da kimiyyar halittu, inda malami ɗaya ke koyar da rukunan biyu da takarda ɗaya, matsakaicinsu bai bambanta da fiye da maki 2 ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin zaton cewa takardar rukunin farko ce ta fi tsauri. Duk da haka na kai shawarar takarda ɗaya ga mutum biyar biyar, an kuma amince za a yi ta ranar Asabar. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan bayyana makin zed ga iyaye idan muka fara sa shi a katin sakamako, domin ina tsoron uba ya ga -0.5 a gaban sunan ɗansa ya ɗauka cewa yaron bai ci ko maki ɗaya ba.

Malamar ƙididdiga, Runjin Sambo

Binciken da ka yi a darussan da rukunan biyu suka zauna takarda ɗaya shi ne ainihin hujjar da ake bukata, kuma ya kamata ka rubuta shi a rahoton da za ka miƙa. Game da iyaye kuwa, akwai makin T, wanda aka tsara saboda irin wannan damuwar. Za ka ninka zed sau 10 ka ƙara 50, ta yadda matsakaicin aji zai zama 50 kullum, kowane taki kuma maki 10. Yarinyar za ta samu 70, yaron 65, mai -0.5 kuma 45, babu alamar ragi babu ɗigo. Sai dai ka rubuta a ƙasan katin cewa 50 na nufin tsakiyar aji, ka kuma bar ainihin makin jarrabawar a gefensa, domin makin T ba ya nuna ko ajin gaba ɗaya ya fahimci darasin. Ajin da matsakaicinsa 30 ne cikin 100 zai fitar da masu T na 70 kamar yadda ajin da matsakaicinsa 80 zai fitar, kuma uban da ke shirya ɗansa domin WAEC yana bukatar ya ga lambobin biyu.